Mutanen Bakin Ruwa a Little Venice

A bayan tashar jirgin ƙasa ta Paddington a Landan akwai unguwar da ake kira Little Venice, inda hanyoyin ruwa biyu da mutane suka haƙa, Regent's da Grand Union, suka haɗu suka yi ɗan tafki mai kusurwa uku. Tsibiri ne ƙarami a tsakiyarsa, a gefe kuma lambun Rembrandt, wanda minti biyar ya isa a zagaye shi. Kowa shiru yake zuwa nema a nan, amma kowa da hayaniyar da ya ƙunso daga gida.

Akwai Malamin Tarihi. Ba sai ka tambaye shi ba, laifinka kawai ka tsaya kusa da shi. Nan take zai sanar da kai cewa a 1820 aka gama haƙa Regent's, kuma a da dawakai ne ke jan jiragen kwal da katako ta wannan 'yar hanyar da kake tsaye a kai. Daga nan sai ramin Maida Hill, inda ruwan ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Babu hanyar doki a ciki, a da sai a kwance dokin a zagaya da shi ta sama, matuƙa su kwanta rigingine su riƙa tokarar bango da ƙafa har jirgin ya fita. Labarin gaskiya ne, kuma da daɗin ji. Matarsa dai ta sha jin sa har ta haddace, ita ke ƙarasa masa idan tari ya sarƙe shi.

Akwai Mai Gida a Kan Ruwa. Kuɗin hayar Landan ne ya koro shi, ya sayi siririn jirgi wanda faɗinsa bai cika ƙafa bakwai ba. A kan rufin ya jera tukwanen furanni da itacen girki da keke, hayaƙin murhunsa na tashi ta ɗan bututu. Idan ba shi da matsaya ta dindindin, doka ba ta bari ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, don haka kullum cikin ƙaura yake. Zai ce maka ya huta da maƙwabta. Sai ka leƙa ka ga ƙofarsa na gogar ta wani, har atishawar juna suna ji.

Babban abokin gabarsa shi ne Mai Hoto. Wannan ya fito daga tashar Warwick Avenue waya a sama, bai ga ruwan da idonsa ba tukuna. Zai ɗauki gada, ya ɗauki agwagwa, ya durƙusa ya ɗauki tagar jirgi alhali mai gidan na ciki yana goge haƙori. Bai taɓa tunanin gidan wani yake leƙe ba.

Sai Uwar Agwagi, da ledar busasshen burodi. Hukumar da ke kula da hanyoyin ruwan ta daɗe tana roƙon a daina ba tsuntsaye burodi, a ba su hatsi ko ganye. Ita ta fi hukuma sanin 'ya'yanta. Da ta buɗe leda sai dinya su fito daga ruwa da wuya a miƙe, tantabaru su sauko, jikanta ya sa ihu ya ruga bayanta. Gobe ma za ta dawo.

Mai Keke kuwa ƙararrawa yake bugawa sau biyu, ma'anarta kauce ko ka sha ruwa. Jirage a nan ba sa wuce mil huɗu a awa, shi kaɗai ne bai samu labari ba.

Dillalin Zuci yana kan titin Blomfield, hannu a aljihu, yana yi wa fararen gidajen nan kuɗi. Ya san wanda zai saya, ya san inda zai fasa bango ya ƙara falo. Bayan ya gama rabon ɗakuna sai ya duba ko kuɗin bas ɗin komawa zai ishe shi.

Na ƙarshe namu ne. Alhaji ya zo ganin likita, an ce ya riƙa tattaki, ɗansa ya ɗauko shi daga Edgware Road bayan sun ci shinkafa da naman rago. Ya gyara babbar riga a kan rigar sanyi, ya dubi tafkin sama da ƙasa.

"Yanzu wannan ne ruwan da ka ce in zo in gani? Kai, ka taɓa zuwa madatsar ruwan Tiga kuwa?"

"Baba, ai ba don girma ake zuwa ba."

"To don me? Waɗancan kuma fa, a jirgin suke kwana?"

"Nan ne gidansu, Baba."

"Allah Sarki. Ba su da dangi ne?"

Ya zauna a benci cikin lambun, ya kira gida ta bidiyo, ya gaida kowa da ƙarfi har da mai gadi, Turawan da ke karatu kusa da shi suka tattara littattafansu. Da ya gama sai ya miƙa wa yaron wayar, ya miƙe ya gyara hula.

"Ungo, ɗauke ni in tura wa Hajiya. Ja baya kaɗan, ka tabbata ruwan ya fito sosai."