Jakar Bola, In Ji Mai Cin Tuwon Tukunyar Gwangwani

Na san halinku sarai. Da an ce ga masu ɗinka jaka da ledar fiya wata, sai ku taɓe baki, ku gyara zaman hula, ku ce, "Allah Ya sawwaƙe, ni da girmana in rataya bola a kafaɗa?" To ranka ya daɗe, kafin mu kai ga kafaɗar taka, bari mu leƙa madafin gidanka. Tukunyar dalmar nan da Hajiya ke tuƙa maka tuwo, daga ina kake jin ta fito? Gwangwanayen lemo ne da tarkacen ƙarfe mara nauyi da 'yan jari-bola suka tsinto, maƙeri ya narka, ya zuba a cikin yashi. Gugan rijiyar ƙauyenku kuwa tsohuwar robar cikin taya ce. Shekara da shekaru kana cin tuwon bola har da suɗe hannu, ba mu taɓa jin ƙorafinka ba.

A birnin Accra na ƙasar Gana, wani ɗan Ingila mai zanen gine-gine, Stuart Gold, ya kafa masana'antar Trashy Bags a 2007. Masu tsinta su kawo ledar fiya wata a biya su. A tsaga ta, a wanke tas, a kashe ƙwayoyin cuta, a shanya a rana, a miƙar da ita ɗaya bayan ɗaya. Sannan tela ya hau keke ya yi ta haɗawa har ta zama falle mai faɗi, a yanko jakar makaranta ko ta cefane a ciki. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ba a narka ledar ko kaɗan, don haka babu hayaƙi, babu cin wuta mai yawa. Ko sunayen kamfanonin ruwan ba a gogewa, su ne ma adon jakar. Kuma abin da ya sa ledar ta zame mana annoba, wato ƙin ruɓewa da ƙin shan ruwa, shi ne ke tsare littafin yaro da damina.

Na ji wani daga bayan majalisa yana cewa, "Ai dama Bature, su da son abin al'ajabi." Malam, saurara. A Ibadan akwai Adejoke Lasisi, wadda ta koyi saƙar aso-oke wurin mahaifiyarta tun tana yarinya, ta kafa masana'antar Planet 3R. Ita yanka ledar take yi siri-siri, ta ɗaura zare a masaƙa, ledar ta ratsa tsakani a kwance, a buga a matse. In an sauke, sai ka rantse wani yadi ne mai ƙyalli daga kanti. Da shi ake yin jaka da takalma, kuma mata da matasa na samun abin yi. Kai ma in ka duba faifan da ke rufe da kwanon furarka da kyau, ba mamaki ka ga zaren tsohon buhu ne aka warware aka yi masa ado. Matan karkararmu sun daɗe da gano wannan hanya, ba dai wanda ya ɗauke su hoto ne kawai.

Sai abokan wasana Kanawa, waɗanda ko gaisuwa aka yi musu sai sun lissafa riba. Tambayarsu ɗaya ce: nawa? In aka faɗa, sai Alhaji ya dafe ƙirji: "Bola ce fa! Ta China ma ba ta kai haka ba." A nan kam, Alhaji, ban ƙi ta taka gaba ɗaya ba. Ledar ce banza, amma wanki da shanya da ɗinki duk hannun mutum ne, kuma hannun nan da bakin da yake ciyarwa. Injin da ke fitar da dubban jakunkuna a wuni dole ya fi shi araha.

Akwai ma abin da ba ku faɗa ba, bari in ara muku. Duk telolin Accra da masaƙan Ibadan ba za su iya ƙarar da ledar da muke yarwa a yini guda ba. Kwata za ta ci gaba da toshewa, mahauta za su ci gaba da ciro dunƙulen leda a tumbin saniya, har sai hukuma ta shiga da doka, kamar yadda Ruwanda ta hana jakar leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Haka nan in aka saƙa leda da zaren auduga wuri guda, ranar da jakar ta mutu raba su don sake sarrafawa aiki ne ja. Mai tsara kaya na ƙwarai tun kafin ya sa almakashi yake tunanin wannan rana: zif ɗin zai canzu? Hannun zai ɗinku in ya tsinke? In jaka ta yage cikin wata biyu, ba a rage bola ba, hutu kawai aka ba ta.

Abin da ba na so shi ne a sayar mini da kaya da labarin tausayi. Sana'ar da ke cewa "saya don ka taimaka" ciniki ɗaya take yi da kowane mutum, ba ya komawa. Wadda za ta rayu ita ce wadda Hajiya za ta ɗauki jakarta zuwa gidan biki, ƙawaye su tambayi inda ta samo, sai daga baya a ji cewa ledar ruwa ce.

Saboda haka, ku masu taɓe baki, ban ce ku saya don Allah ba. In kun ci karo da irin wannan jaka, ku yi mata abin da kuka saba yi wa kayan Kantin Kwari. Ku ja hannun da ƙarfi, ku zuge zif sau goma, ku juya cikin ku duba ɗinki, ku sansana, ku watsa mata ruwa in mai ita ya yarda. In ta gaza, ku ajiye masa abarsa ku yi gaba, ni ma ina bayanku. In kuwa ta ci jarrabawa, Alhaji, taya da mutunci ka zaro kuɗin.