Bazazzagi, Wayarka Ba Ta Ci Hanci Ba

Zuwa ga bawana na Tudun Wadar Zariya, malamin jami'a, sarkin shan fate. Labari ya iso mini har Kantin Kwari cewa kana yawo majalisa-majalisa kana cewa Kanawa sun saye wayarka. Wai ka danna mata ka ce "matana ya haihu", ita kuwa ta rubuta "malamina ya haihu", ka tura wa dangi ba ka duba ba, aka yi ta sallama a ƙofar dattijon nan ana yi masa barka, shi da rabonsa da goyo shekara talatin. Allah ya raya. Amma batun hanci ka bar shi, Bakano ba ya zuba kuɗi inda babu riba, kuma gyara maka baki ba ciniki ba ne da zai fitar da uwar kuɗi.

Zauna in karantar da kai, tunda digirin naku bai kai nan ba. Ita na'urar nan almajira ce, abin da aka biya mata shi take mayarwa. In ka yi magana, yanka muryarka take yi ƙanana-ƙanana, kamar yanka ɗari a daƙiƙa guda, ta auna kaifin kowane yanki da kaurinsa, sannan ta yi canke: wane sauti ne wannan, wace kalma ce ta saba biyo bayan wace. Canken nan na biyu shi ya kayar da kai. Ta ji "ya haihu", ta duba duk Hausar da aka ɗura mata, ta ga ba a taɓa haɗa mace da "ya" ba, sai ta nemo maka namiji mafi kusa da abin da ka furta. Kunyarka ta ji, ta rufa maka asiri.

Dabarar canken ma ta girmi kakanka. A 1913 wani masanin lissafi na Rasha, Andrei Markov, ya zauna da littafin waƙen Pushkin ya ƙirga haruffa 20,000 da hannu, yana duba sau nawa wasali ke bin baƙi, sau nawa baƙi ke bin baƙi. Lissafin da ya samo asali daga nan shi masu koya wa kwamfuta ji suka daɗe suna riƙe da shi tun daga shekarun 1980. Kafin nan abin tausayi ne. Na'urar Audrey da aka ƙera a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1952 lambobi goma kacal take ganewa, daga sifili zuwa tara, su ma sai daga bakin wanda ta saba da shi. Harpy ta jami'ar Carnegie Mellon ta kai kalmomi 1,011 a 1976 aka yi ta murna. Yau kuwa Whisper, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, da sa'o'i 680,000 na magana aka yaye ta. Akwai Hausa a ciki, amma ɗan gishiri ne a tukunyar Turanci. Cikin ɗan gishirin nan kuma ka san bakin da ya fi yawa, bakin rediyo da jarida ne, wato daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina a kan Kananci.

Wajen nan ne yake yi mini daɗi, don haka bari in ɗan daɗe. A garinku fa aka yi aikin. A Zariya Rupert East ya zauna da ofishin talifi, a Zariya aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na riƙe da alƙalami. Injin naku, tawada taku, masu ɗaukar takarda naku, amma da aka zo zaɓen bakin da za a rubuta sai aka tsallake ku aka zo Kano. Kun dafa, mun ci. Shekara tamanin da ɗoriya ke nan, yanzu na'ura ta gaji abin da aka buga a bayan gidanku, kai kuma kana neman wanda ya ba ta cin hanci.

Ba zan yi maka rowar gaskiya ba, mu ma tana kayar da mu. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kukan yaro da kukar miya, garin Dabo da garin tuwo, duk a takarda kama suke yi, sai zancen da ke kewaye ya raba gardama. Ga masu rubutu a waya da suka yi wa ƙ da ɗ da ɓ aski, suka mai da ƙafa kafa. Da irin wannan abincin ake ciyar da ita, dole wani lokaci ta yi tuntuɓe. Maganin kuma ba ɓoyayye ba ne. Mozilla ta buɗe Common Voice a 2017, inda kowa zai karanta jimla a naɗi muryarsa kyauta, kuma akwai sashen Hausa. Tara 'yan Samaru da Kongo da Ƙofar Doka ku je ku yi ta karanta mata har kunnenta ya saba da ku. Ni dai roƙona ɗaya, ku bar mana mata a matsayin mata.

To, mu zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna takardar da ka rubuta mini ranar da ka kwashi shadda a shagona za ka aurar da ƙanwarka? Rubutu kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Ni na ce 70,000 ka rubuta, kai ka rantse 10,000 ne, wai bakwai ɗin ɗaya ce ta sha iska ta karkace. Ashe wannan rigimar Turawa sun riga mu shiga. A 1989 Yann LeCun da abokan aikinsa suka ɗauki lambobi sama da dubu tara da mutane suka rubuta a bayan ambulan a gidan wayar Buffalo, suka koya wa wata ragar lissafi mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta riƙa gane su. Ba a gaya mata bakwai tana da hula ɗaya ba ta da ita ba. Nuna mata ake yi, ta canka, in ta kuskure a ɗan murɗa ma'aunanta, a sake, har ta ƙware. Daga baya aka tara MNIST, hotunan lambobi 60,000 na koyo da 10,000 na jarrabawa, rubutun ma'aikatan ƙidaya da 'yan sakandaren Amurka, kuma 'ya'yan wannan dabara sun karanta miliyoyin cekin banki. Na sa yarona ya nuna wa irinta takardarka. Sau uku tana cewa bakwai. Ita ba Bakanuwa ba ce, ba ta da ko yadi ɗaya a shagona.

Na san abin da za ka ce, wai a nemo sauran wasiƙunka a gwada. Na nemo. Wata masaniya ta Cambridge a Ingila, Karen Spärck Jones, ta kawo ƙa'ida a 1972 wadda injinan bincike suka daɗe suna cin moriyarta: kalmar da ke cikin kowace takarda ba ta da nauyi wajen nema, wadda ba a cika gani ba ita ce mai daraja. Shi ya sa "da" da "na" ba sa nemo maka komai. Da na auna saƙonninka a wannan sikeli, "gobe" ta zama fanko, "albashi bai shigo ba" ko ƙwayar gero ba ta kai ba. Kalma mafi tsada ita ce "ga kuɗinka", don ko sau ɗaya ba ta fito ba.

Da kuna da wayo, wannan fasaha ku za ta fi yi wa rana. A jami'ar Massachusetts an yi aikin nemo kalma a wasiƙun George Washington ta hanyar kwatanta surarta kawai, ba tare da na'urar ta iya karanta ta ba. Ga tulin rubuce-rubucen Larabci da ajami a jami'arku da Arewa House ta Kaduna, ga tsofaffin kofen Gaskiya, duk suna jiran mai ɗaukar hoto da mai zama ya fassara wa na'ura layi-layi. Ɗalibai gare ka, sa su aiki, maimakon ka tsaya kana faɗa da waya a gaban jama'a.

Ran Asabar ina tafe Zariya ɗaurin aure. A dama fate da yawa, zan taho da gurasa don kada yunwa ta kashe ni. Kuɗina kuma a ƙirgo su a hannu, takardar dubu-dubu guda saba'in. Kada ka rubuta cek, kada kuma ka aiko da saƙon murya.