Baƙuwar da Na Lulluɓa da Bargon Uwargida

A Garun Mallam, duk wanda ya ce yana tsoron sanyi ya kashe masa shuka, dariya yake nema. Ni na nema, na kuma samu har da gyara.

Fulawa ce na sayo a bakin titi a Kano, cikin 'yar baƙar leda. Mai sayarwa ya ce sunanta ros, irin ta ƙasar Turawa. Na dasa ta a tsohon bokitin fenti, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Muna zaune lafiya har hunturu ya kama, sai ɗan ƙanena ya nuna mini wani bidiyo a waya. Wata tsohuwa ce a Ingila, tana naɗe furanninta da buhu, wasu tana kwashe su zuwa ɗakin gilashi don kada ƙanƙara ta hallaka su. Na ce ashe haka ake yi! Ni kuwa na bar baƙuwa a tsakar gida, ga iskar nan da ke kaɗowa ta kan kanal, mai sa ƙato ya yi alwalar asuba yana karkarwa.

A daren na kifa mata leda na ɗaure tamau. Na ɗora bargon uwargida. Da na ga kamar da saura, sai na jawo kaskon garwashi na ajiye a gefe.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, shekara goma sha biyu muna tare, ban taɓa ganin ka hura mini kasko ba."

Na ce ai ita 'yar gida ce, wannan kuwa baƙuwa.

Da safe na yaye bargon, na bar ledar don kada hazo ya taɓa ta, na wuce Kwanar Gafan jin farashin tumatir. Na manta ranar hunturu ma rana ce. Bayan la'asar na dawo na kwance, sai tururi ya buso mini. Ganyen ya yi laƙwas, kamar zogalen da aka dafa za a yi kwaɗo.

Na ɗauki bokitin sai ƙofar maƙwabcina, dattijon da ke noman alkama tun da ruwan Tiga ya iso yankin nan, madatsar da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako. Ya duba, ya sake dubawa.

"Ɗana, ka taɓa ganin ruwan randa ya daskare a garin nan?"

Na ce a'a, Baba.

"To me kake kare ta daga gare shi? Mu nan, daga Kadawa har Kura da Bunkure, roƙo muke sanyin ya daɗe. Alkama a Nuwamba muke zuba ta don ta sha sanyi. Zafi ya yi saurin shigowa, zangarniya ba ta cika. Tumatir ma zafi ne ke sa ya zubar da fure. Kai kuma abin da ya fito daga ƙasar sanyi ka turara kamar dambu."

Kafin magariba labari ya kai majalisa. Har yau in na wuce, sai wani ya ce, "Malam, an rufe amarya kuwa?"

Bargon kuma garwashi ya huda shi wuri biyu. Sabon da na saya ya ninka kuɗin fulawar. Ragowar ganyen na miƙa wa akuyar gida, wadda ta yi wata uku tana zagaya ƙayar nan. Ta sansana, ta dube ni, ta juya.