Wasa Ƙwaƙwalwa da Ƙwaƙwalwar Aro

Wata sabuwar shaidar ilimi ta shigo gari, wadda ba jami'a ce ke bayar da ita ba, ba a kuma biyan kuɗin jarrabawa kafin a same ta. 'Yan akwatuna ne masu launi, kore da rawaya da toka-toka, a jere layi-layi, mutum ya manna su a WhatsApp tun bai wanke fuska ba. Ba ya rubuta komai a ƙasansu. Ai ba sai ya rubuta ba. Saƙon ya isa: jama'a ku shaida, kuna can kuna minshari, ni ina nan ina tunani.

Sunan wasan Wordle. Ana ɓoye kalmar Turanci mai haruffa biyar, a ba ka dama shida ka canko ta. Harafin da ya faɗa gurbinsa ya zama kore, wanda ke cikin kalmar amma ya zauna a kujerar wani ya zama rawaya, wanda babu shi sam ya yi toka-toka. Kalma ɗaya ce a rana, kuma ita ce aka ba kowa, na Kano da na Kanada. Wani injiniyan manhaja ɗan yankin Wales mazaunin New York, Josh Wardle, shi ya ƙirƙire shi, don faranta ran masoyiyarsa mai son irin wannan wasa. Ku ji ikon Allah. A nan saurayi na kai turare da atamfa dangin yarinya suna taɓe baki, can wani ya kai jarrabawa an karɓa hannu bibbiyu. Ya sake shi ga jama'a a watan Oktoban 2021. A farkon Nuwamba mutum 90 ke bugawa, bayan wata biyu sun kai 300,000, kafin Janairun 2022 ya ƙare jaridar New York Times ta saye shi a kan kuɗin da bai gaza dala miliyan ɗaya ba.

Ba ni da ja da wasan. Wanda ya zauna ya juya haruffa biyar a kansa har suka ba shi kalma, ya fi wanda ya kwana yana leƙen hotunan bikin mutanen da bai sani ba. Da yadda muke buga shi nake ja. An ce mana a wasa ƙwaƙwalwa, mun amsa da to, amma kowa ya adana tasa a ɗaka don kada ta cinye, ya fita neman ta aro.

Sabuwar kalma tana fitowa ne da ƙarfe sha biyun dare, a agogon ƙasar da kake. Wannan ƙaramin bayani ya raya zumuncin da ya shekara a mace. Malesiya tana gaban Najeriya da awa bakwai, saboda haka yaron gidanku da ke karatu a can, wanda ba a tuna shi ko ranar Sallah, ya zama ɗan gaban goshi. Da magariba sai ga kira: "Ƙanena, ya karatu? Ya zafi? Af, wai yau da wane harafi ta fara?" Yaro ya ɗauka kewarsa ake yi. Wanda ba shi da kowa a gabas kuwa, intanet ta ishe shi, domin akwai masu sana'ar fitar da amsar kullum kafin shayi ya huce.

Satar amsa ma tana da ladubbanta, kuma masu yi sun kiyaye su fiye da yadda suka kiyaye na cin abinci. Ba a cankowa a karon farko, kowa zai gane. A karo na biyu ma za a yi zargi. Gwani yakan jefa kalmomi biyu da ya tabbata ba su ba ne, ya ɗan ɓata minti biyar don agogo ya shaide shi, sannan a karo na uku ya dire a kan kore. Wani lokaci, don tawali'u, yakan bari sai na huɗu. Idan ka lura, tunanin da ya kashe wajen tsara yadda ba za a kama shi ba ya isa ya warware kalmar tun farko.

Akwai kuma masu gaskiya, kuma su ne abin tausayi. Wasan yana ƙirga maka kwanakin da ka jera ba ka faɗi ba, ranar da ka tsallake kuwa lissafi ya koma sifili. Mutumin da sai an yayyafa masa ruwa kafin ya tashi da asuba, yanzu idonsa biyu sha biyun dare, ba ƙararrawa ba mai tashi. A ɗauke wuta waya ta mutu, za ka gan shi da tocila yana neman mai caji, yana sambatu a kan kwanakinsa da za su salwanta. Tambaye shi wace ranar ce aka haifi autarsa, sai ya ce bari ya tambayi uwarta.

Mu fa ba baƙi ba ne a wannan fage. Da can bayan cin tuwon dare, yara kan zauna a tsakar gida a yi kacici-kacici. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Ka san tsintsiya ce ka faɗa, ba ka sani ba ka yi ta harbin iska ana yi maka dariya. In ka gaji, doka ɗaya ce: ka ba da gari. Mai tambaya na iya raina garin da ka ba shi, ya ce sai ka ƙaro babba. Ka sallama Zariya ko Katsina da bakinka a gaban ƙannenka, ya gama cin garin da daɗin baki, sannan ya faɗa maka amsa. Rashin sani yana da farashi a lokacin, ana biya a fili, a yi dariya a wuce. Yau babu mai ba da ko ƙauye. Tun da aka fara manna akwatunan nan, ban taɓa ganin wanda ya manna layi shida babu kore ya ce jama'a yau ta kayar da ni ba.

Sai 'yan lamba. Shiga wani ofis da hantsi, za ka tarar da ma'aikaci ya sunkuya a kan waya, goshi ya tattare, biro a baki. Ka yi sallama ya ɗaga maka hannu alamar ka dakata. Kana tsaye da fayil kana tausaya masa, kana cewa lallai aikin gwamnati da wuya. Gurbin bakwai yake nema. Sudoku ke nan: gida 81, tara a tsaye tara a kwance, kowace lamba daga 1 zuwa 9 ta fito sau ɗaya a layi, sau ɗaya a cikin ƙaramin akwati. Mutane da yawa sun ɗauka daga Japan ya samo asali, amma a wata mujallar Amurka ya fara fitowa a 1979, kuma ana jingina shi ga wani mai zanen gine-gine da ya yi ritaya, Howard Garns. Kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauke shi a 1984 ya raɗa masa sunan da ya bi shi. Daga nan wani alƙali ɗan New Zealand da ya yi aiki a Hong Kong, Wayne Gould, ya ci karo da shi a wani kantin littattafai a Tokyo a 1997, ya shafe shekara shida yana haɗa manhajar da za ta riƙa ƙera shi, ya kai wa jaridar The Times ta Landan, ta fara bugawa a Nuwamban 2004. Lura da kyau: mai zanen ya yi ritaya, alƙalin ma ya ajiye aiki kafin ya tsunduma. Namu ne kawai ya ga babu dalilin jira.

Abin da ba a so a faɗa wa mai Sudoku shi ne, babu lissafi a cikinsa ko na sisin kwabo. Ba tarawa, ba ɗebewa. Da za a cire lambobin a sa hoton dabbobi tara, wasan bai canza ba. Amma wa ya isa ya faɗa masa? Ya riga ya sanar a majalisa cewa shi mutumin lambobi ne. Ya kuma ce yana yi ne don maganin mantuwa, ga shi naira dubu biyun da ya ranta a hannunka tun kafin azumi har yau ba ta faɗo masa a rai ba.

Inda ake zubar da mutunci na gaske kuwa shi ne wajen lissafin gardama. A 2019 wata 'yar tambaya ta zaga duniya: 8 ÷ 2(2+2). Wasu suka ce 16, wasu suka ce 1. Idan ka warware abin da ke cikin baka ka bi sauran daga hagu zuwa dama, 16 za ka samu. Idan ka ɗauki 2 da ke manne da baka a matsayin abu guda ka fara ninkawa, 1 za ta fito. Har na'urorin lissafi sun saɓa wa juna. Masana irin su Steven Strogatz na Jami'ar Cornell sun yi bayani cewa rigimar ta ƙa'idar da aka bi ce, kuma an rubuta tambayar ne a karkace da gangan. Wannan bayani bai iso rukunin tsofaffin ɗalibai na WhatsApp ba. Duk bayan 'yan watanni sai wani ya tono ta ya jefa, a yi kamar yau aka haife ta. Injiniya ya ce 16. Akanta ya ce 1. Wani dattijo ya turo murya ta minti tara, ya fara da cewa shi ya koyar da lissafi tun kafin a yaye su. Wani yaro ya ce, "Ranka ya daɗe, da girmanka, amma ba haka ba ne." Kafin la'asar an tono wanda ya maimaita aji uku, an tuno wanda bai biya kuɗin taro ba, mutum biyu sun fice, ana bin su gida ana ba su haƙuri.

Amma ban taɓa ganin karatun taron dangi irin na 2024 ba, shekarar Hamster Kombat. Wasa ne a Telegram, ana danna hoton wani ɓera ana tara maki da fatan ranar da za su koma kuɗi, har masu shi suka ce mutum miliyan 300 sun shiga. Kowace rana akwai ɓoyayyiyar kalma da ake shigarwa da harshen Morse, irin na wayar tangarahu, wanda aka aika saƙo da shi daga Washington zuwa Baltimore tun 1844: ɗan taɓi ɗigo ne, dogon danni ja ne. Ladan maki miliyan ɗaya. Nan da nan mai shayi da ɗan acaɓa da malamin makaranta da amarya a ɗaki duk suka koma ma'aikatan tangarahu. Sai dai a duk unguwa ba ka samun mutum ɗaya da ya taɓa gano kalmar da kansa. Gaisuwar safe ta zama "An saki ta yau?" Wani ya kwafo daga wani, shi ma daga wani, ba wanda ya san mafarin silsilar. Aka fara cinikin kuɗin a ranar 26 ga Satumban 2024, da yawa suka duba abin da ya faɗo musu suka ga bai biya datar da suka ƙona ba. Ka tambayi ɗaya daga cikinsu yau yadda ake rubuta harafin A da ɗigo da ja, sai ya ce a bar tuna baya.

Yanzu an zo zamanin tambayar mako. Shugaban rukuni ya jefa kacici-kacici ranar Juma'a, ya ce wanda ya fara kawo amsa yana da katin waya. Shi kansa ba shi ya ƙirƙira ba, ChatGPT ya sa ta haɗa masa. Masu amsawa su kwafe tambayar su kai wa ChatGPT ɗin dai, ta warware musu. Na'ura ta tambayi kanta, ta ba kanta amsa, 'yan Adam suna tsakiya suna jigila da tafa wa juna. Amsoshi goma sha biyu su shigo cikin minti ɗaya, duk da jimla iri ɗaya, har wani ya manta bai goge inda ta ce masa tana fatan wannan ya taimaka ba. Ranar da ta yi kuskure kuwa, duk su faɗi tare, a kuma tsaya kai da fata cewa amsar daidai ce, tunda mutum goma sha biyu ba za su haɗu a kan ɓata ba.

Wani zakaran irin wannan gasa, wanda ya lashe kati mako uku a jere, ya dawo gida yana ba uwargida labari. Ta saurare shi har ya gama, ta taya shi murna, sannan ta ce, "Malam, tunda Allah ya hore maka, ga tawa. Bakuna tara, kuɗin cefanen da ka ajiye naira dubu uku, shinkafa ta ƙare tun jiya, gas ya mutu ina tsakiyar ɗumame. Dama shida gare ka."

Ya duba waya, ya duba rufin ɗaki, ya sosa ƙeya.

"Hajiya, wannan ai ba a saki amsarta ba tukuna."