Ƙara Ta Riga Mai Babur Isa

A 1999 Suzuki ta fito da Hayabusa mai haura kilomita 300 a awa, har masu ƙera babura suka yi wa kansu linzami a 299. Mu a Birnin Kudu namu gyaran daban ne. Matashi zai kai Boxer ɗinsa wurin makanike, a fasa salansa, a kwance madubai wai suna tare iska, a liƙa hoton damisa a tanki. Sannan ya ɗora masara buhu biyu, ya nufi Gwaram. Ƙarar ta isa da hantsi, shi sai azahar. Tambaye shi gudun da ya yi, ya ce ɗari biyu. Wa zai musa? Allurar mita ta mutu tun bara.