Masu Gadin Rumbun da Ba a Gani

A duk ƙarshen wata, ƙananan asibitocin Lausu, Rurum da Zurgu a Rano, da na Tarai, Durba da Kahu a Kibiya, sukan tattara lissafin aikinsu: mata nawa suka zo awo, yara nawa aka yi wa rigakafi, mutum nawa zazzaɓin cizon sauro ya kwantar. Fom ɗin ya hau babur zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, a shigar da shi cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke renonta, wadda hukumomin lafiya na Najeriya suka runguma. A ƙarƙashinta akwai rumbun bayanai mai suna PostgreSQL. Wayar Android da ke aljihun mai babur ɗin ma tana da nata ɗan ƙaramin rumbun, SQLite, a nan WhatsApp ke jibge masa hirarrakinsa. DHIS2 da rumbunan nan biyu duk kyauta ne, kowa na iya saukewa ya leƙa cikinsu ya ga yadda aka ƙera su. Shi ya sa makaranta mai zaman kanta, da kantin magani, da ƙungiyar manoma, kowa ya samo wani yaro "mai kwamfuta" ya ɗora masa. Halin yaron ne kawai ba a saukewa daga intanet, da shi yake zuwa daga gida.

Wanda za ka fara cin karo da shi shi ne Malam Akwai Kwafi. Ko me ka tambaye shi, amsa ɗaya ce: "Kwantar da hankalinka, ranka ya daɗe, akwai kwafi." Kuma ba ƙarya yake yi ba, duk daren Juma'a yana gudanar da pg_dump, yana kwafe rumbun kaf. Inda yake ajiye kwafin ne abin kallo: a cikin ita wannan kwamfutar dai, a wata jaka da ya raɗa wa suna "muhimmi kada a taɓa". In ya ƙware ƙwarai, ya sa a filashi ya rataya a jikin makullin babur, filashin ya sha ruwan damina ya sha ƙurar hunturu. Bai taɓa gwada mayar da kwafin ko sau ɗaya ya ga ko zai buɗu ba, don a wurinsa gwadawa rashin yarda da kai ne. Ranar da faifan kwamfutar ya mutu, rumbu da kwafinsa sukan tafi a makara guda. Kada a ce ƙauyanci ne. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, cikin gajiyar dare, ya goge bayanan babban rumbunsu na PostgreSQL yana zaton na gefe yake sharewa, kusan gigabait 300 suka salwanta. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya har 5, aka duba aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa 6 kafin nan shi ya cece su. Malam Akwai Kwafi ya san labarin nan sarai, yakan ma ba da shi a majalisa yana ƙyalƙyala dariya.

Sai Alhaji Excel, wanda bai yarda da rumbu ba sam. Shi a ganinsa duk abin da ba ya iya shafa wa launin rawaya ba amintacce ba ne. Ba shi jerin manoman da za a raba wa taki, ya zuba lambobin waya, Excel ya ɗauke su lissafi ne ya haɗiye sifilin farko, lambar da ta fara da 080 ta koma 80. Lambar asusun banki mai sifili biyu a gaba ta rage saura 8 maimakon 10, kuɗi su ƙi tafiya, a zagi banki. Mutum ɗaya kuma yakan bayyana a wurinsa sau huɗu: Muhammad, Mohammed, Muhd, Moh'd, dukansu an haife su ranar 1 ga Janairu, dukansu sun cancanci buhu. Maganin wannan tsoho ne, tun 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa shi: a rubuta kowane mutum sau ɗaya a teburinsa, a ba shi lamba, sauran tebura su riƙa kiransa da lambar. Alhaji ya ce shi bai ga abin da Bature zai koya masa a kan manoman da ya san kakanninsu ba. In ka faɗa masa cewa a shekarar 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta ɓatar da sakamakon masu korona kusan 16,000 saboda tsohon nau'in fayil ɗin Excel ba ya wuce layi 65,536, sai ya gyara zama ya ce, "To ka gani, har su da shi suke aiki."

Akwai Kashe-Ka-Kunna. Ilminsa duka a maɓalli ɗaya yake. Abin haushin, sau da yawa yana dacewa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Gwanin Sauri, domin shi yana da ilmi, sai dai rabi. Ya kalli bidiyo uku a YouTube, ya gano cewa PostgreSQL yana da fayil ɗin saiti, tun daga ranar rumbun bai sake hutawa ba. Masu manhajar sun ce a fara ba shared_buffers kamar kashi 25 cikin 100 na ƙwaƙwalwar na'ura, shi ya ba shi kusan duka, wai rowa ba kyau. Ya ji an ce fihirisa tana sa bincike sauri, ya kafa wa kowane ginshiƙi tasa, har da na jinsi mai amsa biyu kacal, ya manta cewa duk sabon layi da aka shigar sai an bi fihirisosin nan ɗaya bayan ɗaya an gyara. Ya kashe autovacuum, mai share matattun layuka, wai yana cin ƙarfi, tebur ya yi ta kumbura. Gwanintarsa ta ƙarshe ita ce kashe fsync, saitin da ke tilasta wa rumbu ya tabbatar abin da aka rubuta ya sauka a faifai kafin ya ce ya karɓa. Gaskiya ne, in an kashe shi gudu yana ƙaruwa. Gaskiya ne kuma, kundin PostgreSQL ya yi gargaɗi ƙarara cewa in wuta ta ɗauke a wannan hali rumbun na iya lalacewa ba gyara. Mutumin da ke zaune a garin da ake auna wuta da cokali, inbatarsa kuma batirinta ya gaji tun bara, shi ne ya zaɓi wannan caca. Garin neman gira ake rasa ido. Duk wannan wahala kuwa a kan rumbun ɗalibai ne da ba su cika ajujuwa goma ba, wanda ko wayar hannu za ta ɗauka ba tare da ta yi zafi ba. Da ya rubuta EXPLAIN a gaban tambayar da ke jan ƙafa, da rumbun da kansa ya nuna masa inda ciwon yake.

Ɗan Aƙida kuma ba ya gyara komai, jayayya ce sana'arsa. In na giwa ne, wato alamar PostgreSQL, zai tuna maka cewa nasu daga Jami'ar Berkeley ya samo asali a 1986 a hannun Michael Stonebraker, kuma ba mallakin kowa ba ne. In na MySQL ne, zai ce WordPress da rabin shafukan da ka sani a kansa suka tashi. Na ukunsu ɗan MariaDB ne, mai riƙe da tsohon fushi: kamfanin Sun ya sayi MySQL a 2008, Oracle ta haɗiye Sun a 2010, shi kuwa Michael Widenius da ya ƙera MySQL ya riga ya ɓalle a 2009 ya kafa sabuwa da sunan wata 'yarsa, kamar yadda ta farkon ma sunan 'yarsa My ta ci. Su ukun za su kai isha'i a wurin mai shayi suna wannan, alhali shugabar makaranta tana jiran sakamakon zango tun azahar.

Mai Makulli shi kaɗai ya san kalmar sirri, kuma da ita yake riƙe da kujerarsa. Ba ya rubuta ta, ba ya koya wa na ƙasa da shi. In ya tafi ɗaurin aure Kano aiki ya tsaya, in ya tafi aikin Hajji a jira jirgin dawowa. Ƙaninsa a hali shi ne wanda ya liƙa kalmar a goshin allon kwamfuta, kuma kalmar ita ce 1234.

Ina da rauni a kan Maƙeri, yaron da ya gama difloma, wataƙila ma a makarantar fasahar karkara ta Kano Poly da ke nan Rano, ya ƙi sayen manhajar kowa ya ce zai rubuta tasa. Irinsa ake buƙata. Sai dai ya gwada aikinsa da sunaye irin su John da Mary da ya gani a darasi, komai ya tafi sumul. Ranar farko a kanti aka kawo masa Sa'adatu. Ɗan waƙafin nan na sama shi ne alamar da harshen SQL ke rufe zance da ita, don haka rumbun ya karanta "Sa" ya ɗauka an gama, sauran ya ce bai gane ba. Mu'azu ya zo, haka. Rabi'u da Isma'il, haka. Maimakon ya miƙa sunan ta gurbin da aka tanada a cikin tambaya, wanda shi ne kuma ke toshe ƙofar da ɓarayin intanet ke cusa umarninsu, sai ya manna sanarwa a bango: an hana sa waƙafi a suna. Ya kuma bar teburinsa a tsohon tsarin haruffa na latin1, wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, har Ɗanladi ya fito a rasit da alamar tambaya a farkon sunansa. Maƙeri ya duba ya ce matsalar daga firinta ce.

Dukansu kuwa akwai inda suke komawa ranar da allo ya yi baƙi: wurin Hajiya mai rijista, wadda ta ƙi yar da babban littafinta duk da an ce zamaninsa ya wuce. Ba ta yi musu gori. Takan dai sa tabarau a hankali, ta ce, "Ɗana, wane wata kake nema?" ta bar shi a tsaye har ta gama cin goronta.

Sama da kowa akwai Yallaɓai, wanda ya sa hannu aka sayi na'urar amma bai taɓa zama a gabanta ba. Ba ruwansa da fihirisa ko kwafi, adadi yake so, kuma kafin gobe da safe. In rumbu ya ce 412, shi kuwa ya riga ya faɗa wa na sama da shi 600, sai ya kira yaro ya rufe ƙofa.

"Injiniya, wannan na'ura taku ba ta jin magana ne?"

"Ranka ya daɗe, abin da aka zuba mata take faɗa."

"To a sake tambayarta. A hankali."