Carbin da ke bin ƙofar rami

Tun ban buɗe baki ba na hango ku, 'yan majalisar shayin Matameye, kun ajiye rake kuna taɓe baki: "Ga malam zuƙi-ta-malle ya iso." To ku gyara zama.

Furotin ɗin da ke jikinku kamar carbi yake, sai dai duwatsunsa iri 20 ne, masana na kiransu amino asid. Ana so a karanta jerinsu ɗaya bayan ɗaya. Dabarar ita ce a samu rami wanda silin gashi ya fi shi kauri fiye da sau 50,000, a jiƙa shi a ruwan gishiri, a saki lantarki ta ciki. Duk dutsen da ya shiga sai ya tare hanya, lantarkin ya ragu gwargwadon jikinsa. Alhaji mai garka, kar ka yi mini wannan kallon. Kai da kake gane ko kwaɗo ne ko ɓangaren ƙasa ya toshe maka hanyar ruwa tun daga yadda ruwan ke isa fangali, kai ne za ka ce ba ta yiwuwa?

"To wa ya leƙa cikin ramin?" Babu, baba, shi ya sa aka ɗauko kwamfuta. Aleksei Aksimentiev na Jami'ar Illinois a Amurka yana gina ramin a cikinta ƙwaya-ƙwaya, ya ga yadda kowane dutse ke juyi. Da shi da masu bincike na Faransa suka nuna a ƙarshen 2019 cewa wani rami da ake kira aerolysin yana bambanta 13 daga cikin 20 ɗin. A 2021 ɗakin binciken Cees Dekker a Delft ta Holan ya ja guntun furotin guda ta rami, ya maimaita karatunsa sau da yawa, kamar almajirin da ke bitar allonsa. Sauka dai da saura, wannan na ba ku. Amma ƙwayar gado, mai haruffa 4 kacal, tuni aka gama da ita: na'urar MinION mai aiki da irin wannan rami, wadda ba ta kai gaɓa biyu na rake ba, ta karanta ƙwayar Ebola a Gini a 2015.

Mai cewa "ina ruwanmu", ka san sikila? A wani carbin furotin na jini mai duwatsu 146, na 6 kaɗai aka musanya, shi ne yaro ke kwana yana kukan ƙashi. Vernon Ingram ya gano haka a Kambirij tun 1957. Ku kuwa har gobe wata tsohuwar unguwa kuke zargi, wai ta kama kurwarsa. Wannan kun yarda ba tare da kun nemi shaida ba, sai ramina ne kuke neman a kawo muku a faranti.

Awon sikila ma bai jira ramin ba, ana yin sa tun tuni. Wanda ya je kafin a kai goron aurensa ya ɗaga hannu. Af, duk kun koma shan rake?